Hatsi ko ciyawa: wanne ya kamata ya fi yawa a abincin doki?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da masu dawaki suka daɗe suna ja a kanta, ina so mu baje ta a faifai. Wasu na ganin ƙarfin doki a hatsi yake, da zarar ya rame sai su ce hatsi ne bai ishe shi ba. Wasu kuma sun ce ciyawa ce abincin doki, hatsi ƙari ne kawai. Mu ɗauki baligin doki mai nauyin kilo 400, ana hawansa kamar awa ɗaya a rana, tafiya da ɗan sassarfa, ba sukuwa mai tsanani ba. Ciyawa nawa, hatsi nawa, sau nawa a rana? Don Allah a kawo adadi, kada a ce mana "daidai gwargwado", don kowa da nasa gwargwadon.

Dakta Bilkisu: Wa alaikumus salam Malam Habu. Kafin adadi, bari mu leƙa cikin dokin, don daga nan adadin ya fito.

Tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Kuma dare da rana yana zubo ruwan tsami, ko da abinci a ciki ko babu. Abin da ke kashe kaifin tsamin nan yawu ne, doki kuwa ba ya fitar da yawu sai yana tauna. Kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa yakan ɗauke shi wajen minti 40 yana tauna, kilo ɗaya na hatsi kuwa cikin minti 10 ya share. Kun ga wanda aka cika wa komi da hatsi aka rage masa ciyawa, yawancin yininsa baki a rufe yake, tsami na cin ɓangaren tumbi na sama wanda ba shi da kariya. Mafarin gyambon ciki ke nan.

Daga tumbi abinci ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 20. A nan ne ya kamata sitacin hatsi ya narke. Daga nan sai uwar hanji da babban hanji, inda ƙananan halittu suke ruɓar da ciyawa suna mayar da ita ƙarfi. Idan hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sauran sai ya zarce baya. Can sai ya yi tsami da sauri, halittun da ke narkar da ciyawa su mutu, guba ta shiga jini. Abin da ke biyo baya murɗawar ciki ne ko kumburin cikin kofato. Ga shi doki ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta baya.

To adadi: busasshiyar ciyawa kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin jiki a kullum. Ga dokin kilo 400, kilo 6 zuwa 8 ke nan. Idan ɗanya ce, kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, sai ya ci wajen kilo 30 kafin ya kai wannan. Hatsi kuwa, ga aikin da ka faɗa, kilo 1 zuwa 1.5 a rana ya isa, a raba biyu ko uku. Wani dokin ma idan ciyawar na da kyau ba ya buƙatarsa sam.

Alhaji Garba: Dakta, bayaninki ya fito, amma ina da ja. Dokin da aka bari da ciyawa zalla ai kowa ya san kamanninsa: ƙaton ciki kamar tulu, kuturi a zube, wuya siriri, ka hau shi ba ka yi nisa ba ya fara haki. Wannan ba doki ba ne, jaki ne mai tsawo. Hatsi ne ke tayar da kuturi.

Sani Mai Barga: Ranka ya daɗe, wannan dokin da ka kwatanta akwai shi, amma laifin irin ciyawar ne. Ciyawar da aka bari ta tsufa ta fitar da kai ta zama kara kafin a yanka, ba abin da ya rage a cikinta sai zare. Doki zai cika ciki da ita, ta daɗe a hanji ba ta narke ba, cikin ya sauko, tsoka kuma ba ta samu abin ginuwa ba. Haɗa da tsutsar ciki, sai ka samu tulun nan.

Ingirici mai kyau ana gane shi da hannu da hanci. Ganye ya fi kara yawa, launi da sauran kore-kore, ka matsa a tafin hannu ba ya sukar ka, ƙanshinsa mai daɗi. Ka girgiza shi a rana, idan ƙura ta tashi kamar hayaƙi ko ka ji warin rima, ka ajiye. Sannan a haɗa da harawa, ta wake ko ta gyaɗa, kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na dukkan ciyawar. Harawa ce ke kawo furotin mai gina tsoka da kalsiyam mai gina ƙashi. A kilo 7, a ce 5 ingirici, 2 harawa. Dokin da ke kan wannan kuturinsa ba zai zube ba.

Alhaji Garba: Harawa na yarda da ita. Amma dokin sukuwa fa?

Dakta Bilkisu: Shi dole a ƙara masa, Alhaji, ba wanda ya hana. Abin lura shi ne yawan da ake zubawa a ci ɗaya. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce sitaci kada ya wuce giram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a ci ɗaya, iyakar iyaka giram 2. Dokin kilo 400 ke nan giram 400 na sitaci. Masara da dawa kusan kashi biyu cikin uku nasu sitaci ne, don haka giram 600 na hatsi a ci ɗaya, in an matsa ƙwarai kilo 1.2. Mai buƙatar kilo 3 a rana sai a raba masa sau huɗu, ba a juye masa safe da yamma ba. Kuma ko dokin tsere ne, kada ciyawa ta gaza rabin abincinsa a nauyi.

Usman: Duk lissafin nan a kan nauyin doki yake. Wa ke da sikelin da zai ɗora doki?

Malama Rabi: Ba sai da sikeli ba Usman, tef ɗin tela ya wadatar. Doki ya tsaya daidai a kan ƙafa huɗu a wuri shimfiɗaɗɗe. Ka zagaya ƙirjinsa da tef ta inda majayi ke zama, bayan ƙafafun gaba kaɗan, ya bi ta tudun kafaɗa, ka karanta a santimita lokacin da ya saki numfashi. Sannan ka auna tsawo daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙashin ƙarshen ɗuwawu. Ka ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali ƙirji 165, tsawo 150: 165 sau 165 ya ba da 27,225, sau 150 ya zama 4,083,750, a raba da 11,880, kusan kilo 344. Ba ya faɗa daidai cif, amma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. Wannan lissafi na manyan dawaki ne, ba ya aiki ga duƙushi ko goɗiya mai tsohon ciki.

Sai kuma abin da ya fi wannan ruɗar mutane, wato awo da kwano. Lita ɗaya ta masara ta kai giram 700, lita ɗaya ta dusar alkama kuwa ba ta fi giram 250 ba. Mai cewa "kwano biyu nake ba shi" bai faɗi komai ba sai ya faɗi kwano biyu na mene ne. A samu ƙaramin sikelin rataya, a auna kwanon sau ɗaya da kowane irin abinci, a rubuta a bango. Ciyawa ma a cusa a buhu a rataya a gani. Mutane da yawa da ke cewa suna ba da kilo 7, idan an auna sai a tarar 4 ne.

Ga hanyar duba ko abincin ya yi daidai: ka shafa haƙarƙari. A ma'aunin Henneke, wanda aka fitar a 1983, ana ba doki maki daga 1 zuwa 9, ana son ya zauna a 5. Ma'ana ba ka ganin haƙarƙari da ido, amma da ka ɗora hannu za ka ji su ba tare da dannawa ba. Idan sai ka danna da ƙarfi, ga kitse ya taru a gindin geza da gindin wutsiya, ya yi ƙiba, a rage hatsi. A riƙa dubawa duk mako biyu.

Sani Mai Barga: Game da hatsin kansa, ba duka suke ɗaya ba. Ot, wani hatsi dangin alkama, shi ne ya fi sauƙin narkewa, ana iya ba da shi yadda yake. Masara da dawa da sha'ir ƙwayarsu na da tauri, sitacinsu kuma ba ya narkewa da wuri. Dawa musamman, ƙwayar ƙanana ce, doki na haɗiye da yawa ba tare da ya fasa ba, sai ka gan ta a kashi kaji na tsattsaga. A ɓarza, amma kada a niƙa ta zama gari, gari na shiga hanci yana kuma dunƙulewa. Dafawa ta fi ɓarzawa amfani wajen narkewa. Jiƙawa na tausasa ƙwaya, sai dai a lokacin zafi jiƙaƙƙen hatsi na yin tsami cikin sa'o'i kaɗan. A jiƙa na ci ɗaya kawai, a inuwa, a sansana kafin a zuba, a wanke bokitin kullum.

Kuma ciyawa ake fara ba shi, bayan kamar rabin awa a kawo hatsi. Dokin da yunwa ta ci shi aka tare shi da hatsi zai yi ta hamɓuɗa ba tauna, ya shaƙe. Alamar shaƙewa: ya miƙe wuya, yana tari, abinci da yawu na fitowa ta hanci. Nan take a ɗauke abinci da ruwa, a bar kansa ƙasa, kada a ɗura masa mai ko ruwa don zai tafi huhu. Idan bai sauka cikin rabin awa ba a kira likita. Mai haɗama a sa masa manyan duwatsu masu santsi biyu ko uku a komi, waɗanda suka fi ƙarfin bakinsa, dole ya bi a hankali.

Usman: To dusa fa? Ita ce ta fi sauƙin samu, doki kuma na son ta.

Dakta Bilkisu: A nan ne aka fi yin ɓarna ba a sani ba, saboda illar ba ta bayyana sai bayan watanni. Jikin doki na son kalsiyam ya fi sinadarin fosfaras yawa a abinci, kamar 1.5 ko 2 a kan 1, kada dai ya taɓa gaza 1 a kan 1. Dusar alkama a juye take, fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam kusan sau goma. Dusar shinkafa ma haka, hatsi gaba ɗaya ma fosfaras ya fi yawa. Idan aka daɗe a kan haka, jiki sai ya koma yana zaro kalsiyam daga ƙashi. Da farko za ka ga ɗingishi mai yawo, yau wannan ƙafa gobe waccan, tafiya a sandare. Daga baya ƙashin fuska ya kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su yi girgiɗi. Cutar ƙaton kai ke nan. Duƙushi ya fi saurin kamuwa don ƙashinsa na kan girma.

Ba a ce a daina dusa ba. Kada dai ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana ga babban doki, a haɗa da harawa ko alfalfa (wata ciyawa dangin wake), kuma ga kowane kilo na dusa a barbaɗa giram 30 zuwa 40 na garin farar ƙasa mai kalsiyam irin wanda ake sa wa abincin dabbobi. A kula, ban da lamin magina mai ƙuna, wannan zai ƙone masa baki. A yayyafa wa dusar ruwa kafin a ba shi.

Akwai kuma wasu ciyayin ƙasashe masu zafi, irin su setariya da bufel da kikuyu, masu ɗauke da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki sha. Saniya ba ta damuwa da su sosai, doki kuwa yana iya samun ƙaton kai a kansu ko bai taɓa ganin dusa ba.

Baba Ilu: Ni maganar ruwa nake so a taɓa. Abin da aka sani tun da, dokin da ya dawo daga aiki jiƙe da gumi ba a ba shi ruwa sai ya huce, in ba haka ba cikinsa ya murɗa ko ƙafa ta kama. Yanzu ina jin yara na cewa a ba shi. Wanne ne?

Dakta Bilkisu: Baba, a ba shi. An yi bincike sosai a kan dawaki da zafi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, abin da ya fito shi ne sanyaya doki da ruwa mai sanyi ba ya cutar da shi, hana shi ruwa ne ke da haɗari. Ƙishirwar doki ta fi ƙarfi a mintunan farko bayan aiki, idan aka ja lokaci sai ta lafa alhali jikin na buƙata, ya ƙi sha. In ana tsoron ya kwankwaɗa da yawa, a ba shi rabin bokiti, a zagaya da shi minti biyar, a ƙara, har ya ƙoshi. Abin da ya kamata a jinkirta shi ne hatsi, sai numfashi ya daidaita jiki ya huce, kamar awa ɗaya.

Baba Ilu: To, rabin bokiti rabin bokiti ɗin nan ya fi kwanta mini. A sake shi a kan randa dai ban yarda ba.

Malama Rabi: Hakan ma ya yi, Baba. Adadin kuwa, doki a zaune cikin sanyi yana shan kusan lita 5 ga kowane kilo 100, wato lita 20 ga namu na misali. Da zafi da aiki yana ninkawa biyu har uku. Mai cin busasshiyar ciyawa ya fi mai kiwon ɗanya sha. Shayarwa sau biyu a rana ba ta isa ba, ruwa ya zauna a gabansa. Busasshiyar ciyawa da ƙarancin ruwa su ne ke toshe babban hanji, za ka ga kashi ya ragu, ya zama ƙanana masu tauri. Lafiyayyen doki na yin kashi sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, mai share barga ya riƙa ƙirgawa. Gwajin rashin ruwa: ka tsunkuli fatar wuya ka saki, ta koma nan da nan. Ka danna dasashi da yatsa, jan ya dawo kafin daƙiƙa 2.

Malam Habu: Gishiri da kanwa fa, ɗaya na iya maye gurbin ɗaya?

Dakta Bilkisu: A'a. Gumin doki ya fi namu gishiri, kuma a aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. Abin da ya fi fita shi ne kuloraid da sodiyam, su ne gishirin girki. Kanwa na da sodiyam amma kuloraid ɗinta kaɗan ne, kuma abin da ke cikinta ya bambanta daga wannan dutse zuwa wancan, ba ka san me kake aunawa ba. Dokin da ya yi gumi da yawa jininsa ya riga ya karkata ɓangaren kanwa-kanwa, wato kishiyar tsami, ƙara masa ita ba gyara ba ne. Gishiri giram 20 zuwa 25 a rana ga mai hutu, kamar babban cokali ɗaya da rabi, mai aiki cikin zafi a ninka ko fiye, a raba cikin abinci. Dutsen lasa shi kaɗai ba ya isar mai aiki, harshen doki ba shi da kaushi irin na saniya. Kuma kada a ƙara gishiri in babu ruwa a gabansa.

Sani Mai Barga: Bari in kawo abubuwan da ke kashe doki daga komi, don sun fi ƙarancin abinci saurin kisa.

Masara mai funfuna. Akwai gubar da ke cikinta da ke lalata ƙwaƙwalwar doki, ya fara tangaɗi, yana zagaye, yana dafa kai a bango, ya makance, kuma in ya kai nan da wuya ya tashi. Doki ya fi sauran dabbobin gida rauni a kanta. Tsintar ƙwayoyin da suka ɓaci ba ta wadatar ba, dafawa ma ba ta kashe gubar. Buhun da ake shakka a kansa a rabu da shi. Harawar gyaɗa da ƙulin gyaɗa da suka sha rima su ma haka, suna lalata hanta.

Abincin kaji ko na shanu na kamfani. Wasu ana sa musu magani mai suna monensin, wanda miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo na nauyi ke kashe doki, wato kusan giram ɗaya tak ga dokin kilo 400. Zuciya yake kamawa. Ko buhun da aka juye abincin kaji kada a zuba na doki a ciki.

Ɗanyar dawa a gona, musamman ƙarama, ko wadda ta sake tohowa bayan yanka, ko wadda fari ya kama. Tana da guba mai kisa nan take, kuma dokin da ya daɗe yana kiwonta yakan samu ɗigar fitsari da raunin ƙafafun baya.

Sai yankakkiyar ɗanyar ciyawa da aka tara tsibi ko aka bari a buhu. Ka sa hannu ka ji ɗumi, ta fara ruɓa ke nan, za ta kumbura masa ciki. A baza ta a inuwa.

Usman: Idan doki ya kwance cikin dare ya faɗa wa buhun hatsi fa, ga shi da safe garau yake?

Dakta Bilkisu: Garau ɗin nan ne ke yaudarar mutane. Kumburin cikin kofato ba ya nunawa sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu. A kira likita a lokacin, kada a jira alama. Kafin ya iso a janye duk hatsi, a bar ciyawa da ruwa, a tsayar da ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara har zuwa ƙasan gwiwa, a yi ta sabuntawa kwana biyu zuwa uku, wannan na rage ɓarnar ƙwarai idan an fara da wuri. Alamun in sun zo: kofato da zafi, jijiyar bayan idon sawu na bugawa da ƙarfi, ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyi baya, ya ƙi juyawa. Kada a tilasta masa tafiya, a shimfiɗa masa yashi mai laushi.

Alhaji Garba: Yashi kuma, Dakta? Ba shi ke toshe ciki ba?

Dakta Bilkisu: Na tsayuwa ne Alhaji, abincin a komi ko kan tabarmar roba. Gaskiyarka, dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa mai rairayi yana haɗiyar yashi kaɗan-kaɗan har ya taru a babban hanji. Gwaji mai sauƙi: a ɗebi dunƙule biyar ko shida na sabon kashi daga saman tsibi wanda bai taɓa ƙasa ba, a dama da ruwa a farar leda, a rataya minti 15. Idan yashi ya kwanta a ƙasa fiye da ƙaramin cokali, akwai matsala. Rashin ganinsa sau ɗaya kuma ba shaida ba ce, a maimaita.

Malama Rabi: Mu dawo kan ramammen doki, tunda daga nan Malam Habu ya faro. Kafin a ƙara ko ƙwaya ɗaya a duba haƙora da tsutsa. Haƙoran doki na ci gaba da fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara, taunar ciyawa ce ke goge su. Turamen sama na yin kaifi ta gefen kunci, na ƙasa ta gefen harshe. Alama: yana zubar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi, yana karkata kai in yana ci, ga dogayen zare da ƙwayar hatsi a kashi. A goge su sau ɗaya a shekara, tsoho ko ƙarami sau biyu.

In waɗannan lafiya, a fara da ƙara ciyawa mai kyau, sannan mai. Man girki ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu kuma ba ya kawo tsamin hanji. A fara da mililita 50 a rana, a ƙara 50 duk bayan kwana uku ko huɗu, har 200 ko 300, kada a haura 400 ga dokin kilo 400. Doki ba shi da maɗaciya, ruwan ɗacin na ɗigowa ne kaɗan-kaɗan, shi ya sa in aka zuba mai da yawa lokaci guda sai zawo.

Wanda yunwa ta yi wa mugun kamu kuwa, ƙashi da fata, tausayi ne ke kashe shi. Aka cika masa komi da hatsi, bayan kwana uku zuwa biyar sai zuciya ta tsaya. Shi ana farawa ne da rabin kilo na alfalfa ko harawa mai kyau duk awa huɗu na kwana uku, a riƙa ƙarawa a hankali, ba hatsi sai bayan mako biyu. Cikowarsa watanni take ɗauka.

Baba Ilu: Haka ne. Masu ɗura wa doki hatsi ana gobe aiki ma su ji, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk canjin abinci, ko daga wannan ingirici zuwa wancan ne, ko daga busasshiya zuwa sabuwar ciyawar damina, a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14: kashi ɗaya cikin huɗu sabo, bayan kwana uku rabi, haka har a gama. Kuma ranar da doki ba ya aiki a rage hatsi rabi ko fiye tun daren jiya. Wanda aka bari a turke kwana biyu yana cin cikakken hatsi, ranar da aka hau shi sai tsokar kuturi ta ɗaure, ya jiƙe da gumi, ya kafe, fitsari ya yi baƙi-baƙi. In haka ta faru a sauka, kada a ja shi.

Usman: Goɗiya mai ciki da mai shayarwa?

Dakta Bilkisu: Watanni na farko abincinta kamar na kowa. A ukun ƙarshe ne ɗan ke yin yawancin girmansa, ga ciki ya matse, sai a ƙara harawa da abinci mai furotin kaɗan-kaɗan sau da yawa. Shayarwa ta fi ciki cin jiki, tana iya ba da nono lita 10 ko fiye a rana, ruwan shanta ma ya kusa ninkawa. Ɗan ya sha dakashi cikin awa 12 na farko, bayan awa 24 hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke ciki. Duƙushi na son furotin kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari, amma kada a tura shi da hatsi don ya yi saurin girma, gaɓoɓi ne ke lalacewa.

Malam Habu: Madalla. Bari in jera na dokin misalinmu a gyara mini. Asuba: ruwa, ingirici kilo 1.5, bayan rabin awa hatsi rabin kilo da gishiri. Hantsi a hau. Azahar: harawa kilo 2. La'asar: ingirici kilo 1.5, hatsi rabin kilo da dusa rabin kilo da farar ƙasa giram 20. Magariba: ingirici kilo 2.

Sani Mai Barga: Gyara biyu, Malam. Tsakanin hatsi da hawa a bar awa uku, in ba zai samu ba a mayar da hatsin safe bayan an dawo, a hau shi da ciyawa kawai a ciki. Ciyawar ma na taimakawa, tana hana tsami fantsama sama lokacin gudu. Na biyu, kilo 2 na magariba zai gama da shi kafin ƙarfe tara, ya kwana awa takwas ciki wayam, alhali ba a so ya wuce awa huɗu zuwa shida ba ya tauna. Ka rage na la'asar zuwa kilo 1, na dare ya zama 2.5, a kai masa bayan isha'i, a cusa a ragar igiya mai ƙananan ramuka don ya riƙa zara kaɗan-kaɗan. A ɗaure ragar daidai ƙirjinsa, ta yadda ko ta zama fanko ba za ta sauko inda kofato zai shiga ba.